Adireshin Ɗan Majalisa: Sirrinsa Ne Ko Haƙƙin Talaka? Abin Da Ya Faru A Birtaniya

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi shi har ƙarshe.

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a duk ƙasar da ake zaɓe. Ranar da aka kai wa wani mai muƙami hari, sai ka ji ana cewa a rufe bayanansu, a daina faɗin inda suke kwana, su ma mutane ne masu iyali. Ranar da kuma aka bankaɗo wata almundahana, sai ka ji ana cewa a buɗe komai, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Ƙasar da ta ɗanɗana ɗacin duka biyun cikin shekaru talatin ita ce Birtaniya, kuma rigimar tasu kusan duk a kan layi ɗaya ta tsaya a jikin takarda: adireshin gida.

Mu fara da ɓangaren tsoro, don kada wani ya ɗauka maganar tsaro duk ƙarya ce.

A ranar 30 ga Yuli 1990, wani ɗan majalisa mai suna Ian Gow, na hannun daman Firaminista Margaret Thatcher, ya fito daga gidansa a ƙauyen Hankham da ke kudancin Ingila, ya shiga motarsa. Ashe 'yan ƙungiyar IRA, masu yaƙin raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, sun ɗana bam a ƙarƙashinta. Nan ya rasu, a harabar gidansa. Mutumin ya san ana farautarsa, amma ya bar lambar wayarsa da adireshinsa a cikin kundin lambobin waya na yankin, inda kowa zai iya dubawa. Saboda haka idan ɗan majalisar Birtaniya ya ce adireshi na iya kashe mutum, ba tatsuniya yake yi ba. Sun binne abokin aikinsu.

To, bayan shekara goma, a 2000, gwamnatin Tony Blair ta kafa dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta fara aiki gadan-gadan a ranar 1 ga Janairu 2005. A makare ma suka zo, domin Suwidin ta yi irin tata tun 1766, Amurka kuma a 1966. Dokar ta ce duk wanda ya rubuta wa hukumar gwamnati yana neman bayani, dole a ba shi, sai dai in bayanin ya faɗa cikin abubuwan da aka keɓe, kamar sirrin tsaron ƙasa ko sirrin rayuwar mutum. Majalisar dokoki ma tana cikin hukumomin da dokar ta hau kansu. 'Yan majalisa da hannunsu suka amince da haka, wataƙila ba su zaci za ta waiwayo kansu ba.

Ga inda gizo yake saƙar. Ɗan majalisar da mazaɓarsa take wajen tsakiyar Landan yana buƙatar wurin kwana biyu, ɗaya a mazaɓa, ɗaya kusa da majalisa. Sai aka ware musu alawus na gida na biyu, wanda ya kai kusan fam 24,000 a shekara. Da shi ake biyan haya, ko kuɗin ruwa na bashin sayen gida, da gyare-gyare, da kayan ɗaki. Abin da bai kai fam 250 ba, ba a ma tambayar rasit. Abinci kuwa har fam 400 a wata, nan ma ba rasit. Sannan ɗan majalisa shi da kansa yake faɗa wa ofishin biya wanne ne babban gidansa, wanne ne na biyu. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

'Yan jarida uku, Heather Brooke da Ben Leapman da Jonathan Ungoed-Thomas, suka nemi a ba su bayanin yadda wasu 'yan majalisa 14 suka kashe wannan alawus, ciki har da Blair da Gordon Brown da David Cameron. Hukumomin majalisa suka ƙi. Hujjarsu: wannan sirrin rayuwar mutum ne, kuma bayyana adireshi haɗari ne ga lafiyarsu da ta iyalansu.

Ana cikin wannan ja-in-ja, a 2007, wani ɗan majalisa David Maclean ya kawo ƙudurin cire majalisa ɗungurungum daga ƙarƙashin dokar. Wai don a kare wasiƙun da talakawa suke aiko wa wakilansu. A watan Mayu majalisar wakilai ta amince da shi. Da ya je majalisar dattawa, aka rasa ko mutum ɗaya da zai ɗauki nauyin gabatar da shi, sai ya mutu a can. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin "as".

Magana ta je kotu. A Fabrairu 2008 kotun musamman mai sauraron ƙararrakin bayanai ta ce a saki takardun. Majalisa ta ɗaukaka ƙara, a ranar 16 ga Mayu 2008 Babbar Kotu ta sake kayar da ita. Hukuncin yana da kyau a tsaya a kansa, domin alƙalan ba su yi watsi da batun tsaro ba. Abin da suka nuna shi ne, kuɗin na jama'a ne, tsarin biyansa kuma sakwa-sakwa yake, babu mai sa ido na kirki, don haka jama'a suna da haƙƙin su gani da idonsu. Adireshin ɗan majalisa kuma ba wani ɓoyayyen abu ba ne, tunda a lokacin duk ɗan takara sai an buga adireshinsa kafin zaɓe. Amma aka bar ƙofa a buɗe: duk wanda yake da takamaiman dalili na tsaro, kamar wanda wani yake bibiya ko 'yan ta'adda suke nema, ana iya ɓoye nasa. Wato a duba mutum-mutum, kada a rufe na kowa da kowa da hujja ɗaya.

Me 'yan majalisa suka yi? Wata biyu kacal bayan hukuncin, a Yuli 2008, suka gyara dokar: adireshin gidajensu, da tsarin tafiye-tafiyensu na yau da kullum, da sunayen masu kai musu kaya ko aiki gida, da kuɗin da suke kashewa a kan tsaro, duk aka fitar da su daga abin da za a iya nema. A Janairu 2009 gwamnati ta sake yunƙurin rufe bayanan alawus ɗin gaba ɗaya, surutu ya yi yawa, ta janye. Sai aka tsaya a kan cewa za a saki takardun, amma bayan an bi su ɗaya bayan ɗaya an shafe adireshi da sauran abubuwan da ake kira na sirri.

Ba su kai ga haka ba. Wani ya kwafi takardun tun kafin a shafe komai, aka kai wa jaridar Daily Telegraph faifan ta hannun wani tsohon hafsan soja mai suna John Wick, jaridar ta biya fam 110,000. Ranar 8 ga Mayu 2009 ta fara bugawa, kullum da sabon suna, mako bayan mako.

Abubuwan ban dariya su suka fi yawo a bakin mutane. Wani ya kai takardar fam 1,645 na ɗan ɗakin agwagi da ya sa a kududdufin gidansa. Wani ya haɗa da kuɗin yashe ramin ruwan da ya kewaye gidansa na ƙauye. Amma babbar ɓarnar ba a nan take ba, tana cikin wancan zaɓin da na ce ku riƙe. Ɗan majalisa zai ce gidansa na Landan ne na biyu, a gyara masa shi da kuɗin jama'a. Da an gama, sai ya rubuta cewa yanzu na mazaɓa ne na biyu, shi ma a gyara. Wasu kuma su ce wa majalisa gida kaza na biyu ne don su karɓi alawus, ranar sayar da shi su ce wa hukumar haraji ai babban gidansu ne don su kauce wa harajin riba.

Ku duba misalin Margaret Moran, wakiliyar Luton ta Kudu. Ta karɓi fam 22,500 na gyaran katakon gida da ya ruɓe. In ka ga takardar ba adireshi, me za ka ce? Gyaran gida na biyu, doka ta yarda, shi ke nan. Sai da aka ga adireshin aka gane gidan a Southampton yake, kimanin mil 100 daga mazaɓarta, ba a Landan ba, ba a Luton ba. David Chaytor kuwa haya ya riƙa karɓa a kan wani gida a Landan wanda nasa ne na kansa, da wani a Lancashire na mahaifiyarsa. Elliot Morley, tsohon minista, ya ci gaba da karɓar kuɗin ruwa na bashin gidan da ya riga ya gama biya. Irin waɗannan ba yadda za a yi ka kama su sai ka san wane gida ake magana a kai, ka je ka duba na waye.

Ranar 18 ga Yuni 2009 majalisa ta saki nata kwafin na hukuma. Shafi bayan shafi, baƙin fenti. Tunda mutane sun riga sun ga na asali a jarida, sai kowa ya iya gwadawa, aka ga cewa da wannan kwafin kaɗai aka samu, da yawancin wasan sauya gida ya wuce ba wanda ya sani. Shafe adireshin da aka yi da sunan tsaro shi ne zai binne laifin.

Sakamako bai yi wa kowa daɗi ba. Kakakin majalisa Michael Martin, wanda a ƙarƙashinsa aka yi ta faɗan hana sakin takardun, ya sanar da murabus ranar 19 ga Mayu 2009. Rabon da a tilasta wa kakaki sauka tun 1695. Binciken Sir Thomas Legg ya sa aka nemi 'yan majalisa kusan 390, na lokacin da tsofaffi, su mayar da sama da fam miliyan ɗaya. A zaɓen 2010 kusan 150 ba su sake tsayawa ba. A 2011 aka ɗaure tsofaffin 'yan majalisar wakilai huɗu da 'yan majalisar dattawa biyu: Chaytor wata 18, Morley wata 16. Blair kuwa, a littafin tarihin rayuwarsa na 2010, ya zargi kansa da wauta saboda kafa dokar tun farko.

Da labarin a nan ya tsaya, da sai mu ce masu cewa a buɗe komai sun yi nasara, a tashi. Amma bai tsaya ba.

A Mayu 2010 wata ɗaliba ta daɓa wa ɗan majalisa Stephen Timms wuƙa a gabashin Landan, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Ranar 16 ga Yuni 2016, mako ɗaya kafin ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, wani mai aƙidar fifita farar fata ya harbe Jo Cox ya kuma sassoke ta a garin Birstall. Uwa ce mai ƙananan yara biyu. Ranar 15 ga Oktoba 2021 wani mai bin aƙidar IS ya kashe Sir David Amess da wuƙa a Leigh-on-Sea. A shari'arsa an nuna cewa kafin nan ya sha zuwa leƙen gidan minista Michael Gove a Landan yana nazarin yadda zai kai masa hari. Kun ga ke nan tsoron da Ian Gow ya bari bai gushe ba.

Sai dai akwai abin lura. Timms da Amess a wurin ganawa da 'yan mazaɓa aka kai musu hari, Jo Cox kuma a kan hanyarta ta shiga irin wannan zama. Wuri ne da ɗan majalisa yake sanarwa da kansa don talaka ya zo ya kawo kukansa. Babu ɗayansu da aka samo ta takardar alawus. Rufe rasit ɗin kujera da labule ba zai ceci ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da suke buƙata masu gadi ne, da tantance masu shigowa, da 'yan sanda masu ɗaukar barazana da muhimmanci.

To yaya suka daidaita? Ba da doka ɗaya ba, a hankali aka yi ta gyara.

Na farko, an ƙwace biyan alawus daga hannun 'yan majalisa aka ba wata hukuma mai zaman kanta, IPSA, wadda aka kafa a 2009 ta fara aiki a 2010. Ita tana ganin cikakken adireshi da takardar haya. Jama'a kuma suna ganin abin da kowane ɗan majalisa ya nema da abin da aka biya shi, a intanet, ba sai an roƙa ba, amma ba a buga lambar gida da sunan layi.

Na biyu, an toshe ramin da ya sa adireshi ya zama dole. An daina biyan kuɗin ruwa na bashin sayen gida, aka koma haya. In ba ka mallaki gidan ba, ba ribar da za ka ci don ka gyara shi da kuɗin jama'a.

Na uku, tun zaɓen 2010 ɗan takarar majalisa yana da zaɓin kada a buga adireshinsa a takardar ƙuri'a, a rubuta sunan mazaɓar da yake zaune kawai. Mai zaɓe ya san ko ɗan gari ne ko ɗan ci-rani, mai mugun nufi kuma bai samu ƙofar gida ba.

Na huɗu, kuɗin tsaro ana faɗin jimillarsa, ba a faɗin wa aka sa wa wace ƙofa. Shi ya sa aka san cewa ya tashi daga kimanin fam 170,000 a shekarar kafin kisan Jo Cox zuwa sama da fam miliyan huɗu bayan shekara biyu.

Kuma ko da haka ba a daina gwada sa'a ba. A 2012 aka nemi sunayen masu gidajen da 'yan majalisa suke haya. Kakaki John Bercow ya rubuta wa IPSA cewa sakin sunayen haɗari ne ga tsaro. Sai ga shi ta bayyana cewa wasu suna ba da gidajensu na Landan haya, har ga 'yan uwansu 'yan majalisa, su kuma su kama wani gidan jama'a su biya. A ƙarshe aka saki sunayen, aka ɓoye na waɗanda aka ga suna da dalili. Hali zanen dutse.

Yanzu mu dawo gida, domin mu ma muna da wannan ƙulli, sai dai namu a fom ɗin bayyana kadarori yake. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa mai riƙe da muƙami ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka. Ya kuma ce hukumar ta ba kowane ɗan ƙasa damar dubawa, bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya. Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai ranar 28 ga Mayu 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Sashe na 14 ya kare bayanan sirrin mutum, amma shi ma ya ce a saki in maslahar jama'a ta rinjayi sirrin. Duk da haka, an sha neman fom ɗin manya hukumar ta ƙi, tana cewa bayanan sirri ne, kuma majalisa ba ta gindaya sharuɗɗan ba. Su wa za su gindaya? Waɗanda fom ɗinsu yake cikin durowar.

Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya nuna abin mai yiwuwa ne. A Yuni 2007 ya buga nasa a bainar jama'a, kusan Naira miliyan 856, sama ba ta faɗo ba.

Ban raina tsoron masu muƙamanmu ba. A ƙasar da ake sace mutane don kuɗin fansa, a bi mutum har ɗakin kwanansa, buga adireshin alƙali ko kansila tare da lissafin dukiyarsa da sunayen 'ya'yansa tamkar miƙa wa ɓarayin daji taswira ne. Addininmu ma ya hana bin diddigin sirrin mutane da kutsa kai gidajensu. Amma malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan sa a rubuta dukiyar gwamna lokacin naɗa shi, don a gwada da abin da ya tara daga baya. Tsare mutuncin gida da bin kadin dukiyar al'umma ba su taɓa zama kishiyoyi ba.

Abin da tarihin Birtaniya ya koya mana shi ne a rarrabe tambayoyin. Ɗan fashi yana son ya san wace ƙofa, ƙarfe nawa ake fita, wace makaranta yara suke zuwa. Talaka yana son ya san gida nawa, a wane gari, nawa ne kuɗinsa, yaushe aka saya, kafin hawa kujera ko bayanta. Ana iya amsa wa talaka tambayoyinsa duka ba tare da an ba ɗan fashi ko ɗaya ba. A rubuta "gida uku a Abuja, ɗaya a Kaduna, an saye su shekara kaza", a bar lambar gida a hannun hukumar da ba ta cin abinci a hannun mai gidan, wadda kuma kotu za ta iya tilasta mata ta buɗe in an samu dalili.

Saboda haka duk ranar da kuka ji an ce za a rufe wani bayani "saboda tsaro", ku yi tambaya uku. Wane layi takamaimai za a rufe, kuma wane haɗari yake karewa? Wa zai ci gaba da ganin abin da aka rufe a madadinmu? Sannan wa ya rubuta dokar rufewar, shi wanda za a bincika ne ko wani? In an amsa ukun nan ba kame-kame, a rufe, Allah Ya tsare kowa. In kuwa aka fara in'ina, to ku sani ba ƙofar gida ake karewa ba, abin da ke cikin aljihu ne.

Ina masu ganin ko sunan gari bai kamata a faɗa ba a halin da muke ciki? Ku kawo hujjarku, a tattauna cikin mutunci. Allah Ya ba mu shugabanni masu amana, Ya kuma kare rayukansu da namu.